Yadda ake zana taswirar ciyawar da za ta karɓi filinka, bana da shekaru masu zuwa

Shekara 3 ke nan da kawuna ya aika a kira ni shagonsa a Aboabo bayan sallar La'asar. Mahauci ne tun yana saurayi, daga baya ya koma fataucin shanu, yana sayowa daga arewa yana kawowa Kumasi. Tsadar dusa da harawa ta ishe shi duk rani, ga rigimar manoma da makiyaya da kowa ya san yadda ta kasance a wajen Agogo. Sai ya karɓi hayar fili eka 30 a bayan Ejura, ya zuba ciyawar giwa daga wannan iyaka zuwa waccan, don ya gan ta ta fi tsayin mutum a gonar wani abokinsa a gefen Kumasi. Damina ta farko ta yi kore shar. Kafin Fabrairu ya fita rabinta ta bushe a tsaye.

Ya ce mini, "Ɗana, kai da ka yi karatun gona, gaya mini gaskiya. Irin ne ba shi da kyau, ko ƙasar ce ta ƙi ni?"

Na ce, "Kawu, ba ni mako biyu da kuɗin mota."

Abin da na yi a makonnin nan shi zan shimfiɗa a nan, don na san masu shanu da tumaki da yawa a zangunan Kumasi da Akra da ke shirin kama fili, kuma ba na son kuɗin kowa ya bi hanyar da na kawu ya bi. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kowace ciyawa tana da bukatarta: ruwa kaza, rani da bai wuce wata kaza ba, ƙasa iri kaza. Kowane fili kuma yana da abin da yake iya bayarwa. Sai a ɗora wannan a kan wancan a ga inda suka dace, sannan a sake awon da yanayin da ake hasashe nan da shekara 20 ko 30. Sake awon ya zama dole, domin ciyawar kiwo ba masara ba ce da za ka canza iri baɗi. Ka biya haya ta shekaru, ka yi shinge, ka haƙa rijiya, duk a kanta.

Kayan aiki: kwamfutar cinya ko da tsohuwa ce, intanet na kwana biyu ko uku, waya mai GPS, diga da shebur, sikeli, da littafin rubutu. Manhajar da za a yi taswirar da ita sunanta QGIS, kyauta ce. Wanda bai iya kwamfuta ba ya samu yaro cikin 'yan zango da ke karatu a jami'ar KNUST ya zauna kusa da shi, amma kada ya sakar masa aikin baki ɗaya, don rabin amsoshin suna kan mai dabbobi ne.

Mataki na 1: fara da cikin saniya

Kafin ka kunna komai, rubuta dabbobi nawa ne, kuma yankan ciyawar za a riƙa yi a kai musu ko sakinsu za a yi su yi kiwo. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci wajen kilo 6 da kwata a rana. Idan shanu 20 ne, rani kuma kwana 150, lissafi ya kama kilo 18,750, kusan tan 19. Wannan adadi shi ne tambayar da taswira za ta amsa. Da damina kowane daji yana ciyar da dabba. Abin da ake nema shi ne ciyawar da za ta raka garke daga Disamba zuwa faɗuwar ruwa.

Mataki na 2: zaɓi ciyayi ka rubuta bukatunsu

Kada su wuce 5 ko 6. Akwai rumbun bayani a intanet mai suna Tropical Forages, wanda cibiyoyin bincike na CIAT da ILRI da CSIRO suka haɗa, da kuma EcoCrop na hukumar FAO. Da sunan littafi, wato sunan kimiyya, ake nema, shi ya sa zan kawo su.

Gamba, wato Andropogon gayanus, tamu ce ta gado. Tana rayuwa daga ruwan milimita 400 a shekara zuwa sama, ta fi jin daɗi in ya wuce 750, tana jure rani har na wata 9, kuma ƙasa mai tsami ko maras ƙarfi ba ta dame ta ba. Aibinta biyu. In ta tsufa takan zama kara, dabba ba ta samun komai a jikinta, don haka da ƙuruciyarta ake yanka. Sannan in ta bushe a tsaye wutarta ba ta da kyau. A arewacin Ostareliya, inda aka kai ta don kiwo, yanzu yaƙarta ake yi saboda gobara.

Ciyawar giwa, wadda ake kira Nefiya, sunanta Pennisetum purpureum, a sababbin littattafai kuma Cenchrus purpureus. Babu mai yawanta in ta samu abin da take so, amma abin da take so yana da yawa: ruwa sama da milimita 1,000, ƙasa mai zurfi mai ƙarfi, taki a kai a kai, kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ta yanka ce, da karanta ake dasa ta kamar rake.

Ciyawar Gini, Megathyrsus maximus, ita ce wadda ke cike bakin titunan Asante. Tana son ruwa daga 1,000 zuwa sama, da rani da bai wuce wata 4 ko 5 ba, kuma tana jure inuwa fiye da sauran.

Dangin barakiyariya, da yanzu ake rubutawa Urochloa, kowace da halinta. Brizantha tana jure rani matsakaici da ƙasa mai tsami. Humidicola ita ce ke yarda da wurin da ruwa ke kwanciya. Mulato II, wadda CIAT ta fitar, tana son ƙasa mai tsane ruwa.

Cenchrus ciliaris ta wurin ƙarancin ruwa ce, milimita 300 zuwa 750, ba ta son tsami ko laima. Masu fili a filayen Akra, inda ruwan shekara bai cika wuce 800 ba, su sa ta a jerinsu. A wajen Kumasi ɓata wuri ce.

Kada a manta da masu ƙara maiƙon abinci, dangin wake. Sitailo, Stylosanthes hamata, da ita aka yi rumbunan ciyawa na makiyaya a kudancin Kaduna a shekarun 1980, tana yi a ƙasa maras ƙarfi kuma tana zubar da irinta ta sake fitowa. Bishiyar Leucaena tana ba da ganye kore a tsakiyar rani, sai dai ba ta yi a ƙasar da tsaminta ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, kuma ba a cika wa dabba ciki da ita ita kaɗai, musamman wadda ba ta saba ba.

Ga kowace ɗaya ka ja layi huɗu a littafi: ruwan shekara, yawan busassun watanni, tsamin ƙasa, gangare. A kowane layi ka raba maki: 3 ya dace sosai, 2 ya dace, 1 da ƙyar, 0 bai dace ba. Wannan rabon daga tsarin auna ƙasa na FAO na 1976 ya samo asali, inda ake cewa S1 da S2 da S3 da N. Ni ga ciyawar giwa nakan ba ruwan da ya wuce 1,500 maki 3, daga 1,200 zuwa 1,500 maki 2, daga 1,000 zuwa 1,200 maki 1, abin da ya gaza haka 0. Iyakokin tsakiyar nan nawa ne, kai ma kana iya matsa su, amma ka rubuta dalilinka.

Mataki na 3: taka iyakar filin

Sa manhajar QField ko makamanciyarta a waya, ka zagaya filin da ƙafa tare da wanda ya san iyaka, kana ɗaukar alama a kowace kusurwa. Ka sa alama a mashaya, rafi, surin gara, wurin da dutse ya fito, da hanyar da mota ke iya bi da damina. Wanda bai kama fili ba tukuna ya sauke iyakar gundumar da yake hange, Ejura Sekyedumase ko Atebubu ko Sekyere Afram Plains, daga shafin GADM.

Mataki na 4: sauke bayanai

Na yanayi daga WorldClim, fitowa ta 2.1. Ka ɗauki ruwan sama na wata 12, da tarin alamomi 19 da suke kira bioclim. A cikinsu BIO12 shi ne ruwan shekara, BIO5 kuma zafin watan da ya fi zafi. Taswirar a yanke take ƙananan murabba'ai, kowane da lambarsa, su nake kira ƙwaya, kuma akwai girman ƙwaya iri-iri. Mafi ƙanƙanta, ta daƙiƙa 30 a awon taswira, kusan murabba'in kilomita ɗaya ce, amma fayilolinta na hasashen yanayin gaba suna da nauyi ƙwarai. Ta minti 2.5 ta isa aikin gunduma, kuma ba za ta cinye maka kuɗin intanet ba.

Na ƙasa daga SoilGrids, mai ƙwaya ta mita 250, ko iSDAsoil da aka yi wa Afirka mai mita 30. Ka ɗauki pH da yawan yumɓu da rairayi. A SoilGrids an ninka pH sau 10, in ka ga 55 ana nufin 5.5, na taɓa ɓata yini guda kafin na gane haka. Na tudu da kwari daga SRTM mai mita 30. Na abin da ke kan ƙasa yanzu, gona ko daji ko gari, daga ESA WorldCover ta 2021 mai mita 10.

A QGIS ka yanke kowace shimfiɗa, wato kowace taswirar bayani da ka sauke, daidai yankinka da Clip raster by mask layer, sannan ka juya su duka da Warp zuwa EPSG:32630, wanda ke auna yawancin Gana da mita. Wanda filinsa ke gabas da Tema ya ɗauki 32631. Kada ka fitar da gangare kafin wannan juyin, lambobin banza za ka samu. Ka kuma daidaita girman ƙwayoyin su zama ɗaya.

Mataki na 5: ƙirga busassun watanni

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne kawu ya faɗi. Mutane suna tambayar ruwa nawa ake samu a shekara, alhali ciyawa ba jimilla take sha ba. Kumasi tana samun wajen milimita 1,400, a damina biyu: babba daga Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan tsaiko a Agusta. Tamale tana samun wajen 1,100, tazarar ba ta da yawa a takarda, amma a damina ɗaya yake sauka, sai rani na wata 5 zuwa 6 ya biyo. Ejura tana tsakani, a inda kurmi ke miƙa wa daji hannu. Jimillarta tana kusa da ta Kumasi, shi ya sa take yaudarar mutane, amma hunturunta ya fi tsawo da kaifi.

Watan da ruwansa bai kai milimita 60 ba shi ake ɗauka busasshe. Buɗe Raster Calculator ka rubuta:

("ruwa1@1" < 60) + ("ruwa2@1" < 60) + ("ruwa3@1" < 60)

haka har wata na 12, inda ruwa1 yake nufin shimfiɗar ruwan Janairu, ruwa2 ta Fabrairu. Kowane ɓangare yana ba da 1 in gaskiya ne, 0 in ba haka ba, jimillar ita ce yawan busassun watanni a kowace ƙwaya. Amma ka duba da idonka ko a jere suke. A filayen Akra Agusta yakan faɗa cikin busassu, sai adadin ya yi yawa alhali rani biyu ne a rabe. Wata 5 a jere ya fi kashe saiwa fiye da 3 a nan 2 a can.

Abu biyu game da WorldClim da ba a cika faɗa ba. Abin da take kira yanzu matsakaicin 1970 zuwa 2000 ne, wato yanayin zamanin iyayenmu, alhali zafin Gana ya ƙaru da wajen digiri 1 tun 1960. Na biyu, matsakaici yana ɓoye mugunyar shekara. Dattawa ba su manta farin 1983 da gobarar da ta cinye gonakin koko ba, kuma mu duka mun ga yadda ruwa ya ɗauke a arewa da tsakiyar ƙasar nan a Yuli da Agustan 2024 har gwamnati ta hana fitar da hatsi. Ciyawa a irin wannan shekarar take mutuwa. Don haka ka nemi bayanan CHIRPS, da ke ba da ruwan kowane wata tun 1981, ko ka je ofishin hukumar yanayi ta GMet, ka fitar da shekaru 3 mafi muni a yankinka, ka tambayi kanka wace ce a jerinka za ta tsallake su.

Mataki na 6: ba da maki, ka bi mafi ƙanƙanta

Da Reclassify by table ka mai da kowace shimfiɗa maki 0 zuwa 3 bisa layukan littafinka. Za ka samu huɗu ga kowace ciyawa. Yanzu haɗawa. Da yawa sukan tara makin su raba, ni ban yarda da haka ba. Wurin da ruwa ya ci 3, gangare 3, rani 3, amma tsamin ƙasa 0, in ka raba zai fito da kyau, alhali Leucaena ba za ta tsaya a can ba. Tulu mai huda a gindi ba ya riƙe ruwa don bakinsa na da kyau. Ka yi amfani da Cell statistics ka zaɓi Minimum, ƙwaya ta ɗauki makinta mafi ƙasa. Ka ba 3 kore mai duhu, 2 kore mai haske, 1 rawaya, 0 ja.

Ka ajiye shimfiɗun huɗu, kada ka share. In wuri ya fito rawaya kana bukatar sanin abin da ya ja shi ƙasa. In ƙarfin ƙasa ne, kashin shanu yana gyarawa. In tsawon rani ne, sai ban ruwa ko canjin ciyawa.

Mataki na 7: sake awon da yanayin gaba

A WorldClim akwai sashen gaba, da aka ɗauko daga manyan tsare-tsaren hasashe na CMIP6. An raba shi zango huɗu: 2021 zuwa 2040, 2041 zuwa 2060, 2061 zuwa 2080, 2081 zuwa 2100. An kuma raba shi bisa yawan hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa: SSP126 in an rage sosai, SSP245 matsakaici, SSP370 da SSP585 in abin ya yi muni. Ga mai kiwo zangon 2041 zuwa 2060 ya isa, da hanya biyu, SSP245 da SSP585. Zangon 2021 zuwa 2040 kuwa a ciki muke, nakan ɗauke shi a matsayin yau ta gaskiya.

Kada ka dogara da tsari ɗaya. Ɗauki aƙalla 5 daga cibiyoyi daban-daban, misali MIROC6 da MRI-ESM2-0 na Japan, MPI-ESM1-2-HR na Jamus, UKESM1-0-LL na Birtaniya, da EC-Earth3-Veg na haɗin gwiwar Turai. Dalili shi ne a kan zafi bakinsu ɗaya, zai ƙaru. A kan ruwan Afirka ta Yamma kuwa sun rabu, wasu na nuna ƙari wasu ragi. Saboda haka kada ka tara ruwansu ka raba: mai cewa zai ƙaru da mai cewa zai ragu in ka haɗa su sai su ce maka babu abin da zai canza, ka kwanta da minshari a kan amsar da babu wanda ya bayar a cikinsu.

Kowane fayil na gaba yana ɗauke da wata 12 a cikinsa, don haka a lissafin za ka rubuta @1 zuwa @12 a kan suna ɗaya. Ka sake mataki na 5 da na 6 ga kowane tsari. Na ƙasa da gangare suna nan yadda suke. Tsari 5 sau hanya 2, taswira 10 ke nan ga kowace ciyawa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma QGIS tana da Batch, tana maimaitawa da kanta. Daga nan ka mai da kowace taswira 1 inda maki ya kai 2, 0 inda bai kai ba, ka tara goman. Ƙwayar da ta ci 8 zuwa 10, shuka da ƙarfin zuciya. Wadda ta ci 4 zuwa 7, shuka kaɗan ka haɗa da mai jure fari. Ƙasa da 4, kada ka ɗaura dukiyarka a kanta ko da taswirar yau ta yi kore.

Game da zafi: waɗannan ciyayin 'yan ƙasar zafi ne, ƙarin digiri 2 ba zai kashe gamba ko ciyawar giwa kai tsaye ba. Ta bayan gida yake shigowa, yana tsotse laimar ƙasa da wuri, milimita 60 na gobe ba zai yi aikin 60 na jiya ba. Shi ya sa a taswirar gaba nakan ɗaga iyakar busasshen wata zuwa 70 in ga ko sakamakon zai girgiza. Dabarata ce, ba doka ba. Dabbar kuma ta fi ciyawar jin zafin, don haka duk ɗorawa da kaɗanya da ka tarar a fili ka bar su a tsaye.

Mataki na 8: cire inda ba naka ba

Taswira ba ta san mai ƙasa ba. Ka cire gari da gonakin mutane da WorldCover, ka cire dazuzzukan gwamnati irin su Kogyae da Bomfobiri da Digya, da kurmin da mutanen gari ke girmamawa, da bakin rafi. Inda aka yi galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kada ka amince da ƙasar ko ruwan sai an gwada. Mafi yawan ƙasar Gana a hannun sarakunan gargajiya da iyalai take, saboda haka ka je gaban Nana, wato sarkin garin, da dattijon zango da Sarkin Fulanin yankin, ka faɗi a fili cewa dabbobi za ka kawo, a rubuta yarjejeniya da shekarunta, a kai ta hukumar filaye, Lands Commission, kamar yadda dokar ƙasa ta 2020 ta tanada. Ka tambayi likitan dabbobi na gunduma labarin tsando da sammore da kaska, don ciyawa mai kyau a gidan tsando ba riba ba ce.

Mataki na 9: haƙa rami

Ƙwaya ɗaya ta WorldClim, ko da mafi ƙanƙantar ce, wajen hekta 85 ce, kusan eka 210. Filin kawu gaba ɗaya ɗigo ne a cikinta. Taswira tana gaya maka inda ba za ka ɓata kuɗin mota ba, amma gani ya kori ji.

Ka haƙa rami uku aƙalla, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kwari, kowane zuwa ƙugu in ƙasa ta yarda. A filin kawu ba ta yarda ba. A tudun, taƙi biyu kawai muka yi diga ta fara tartsatsi a kan marmara. Irin wannan shimfiɗar dutsen tana da yawa a ƙasashen da ke arewa da Mampong, kuma babu taswirar intanet da ta nuna mana ita. Saiwar ciyawar giwa ba ta da inda za ta bi ruwa, da ruwan sama ya ɗauke sai ta zauna a kan kasko. A kwarin kuwa mun wuce ƙugu cikin ƙasa mai laushi, kuma can ne rabin da ya rayu yake.

Ka duba launin bangon ramin. Ja ko ruwan ƙasa bai ɗaya yana nuna ruwa na wucewa. Toka-toka mai ɗigon tsatsa yana nuna ruwa na kwanciya da marka. Ka cika ramin da ruwa da yamma, in ka dawo washegari yana nan, wurin na humidicola ne, ba na Mulato II ba. Abin da ya fito da kansa ma shaida ne: inda gamba ta yi kanta ba sai an tambaya ba, tofa tana nuna ƙasar da ta sha wuta ta gaji, ciyawar Acheampong kuma za ta ci maka kuɗin sharewa shekara biyu kafin ta saki.

Sannan ka ɗebi ƙasa a wuri 15 zuwa 20 kana tafiya a karkace, daga sama zuwa zurfin santimita 20, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta, ka ɗauki rabin kilo. Na tudu daban, na kwari daban. Ka shanya a inuwa ka kai Cibiyar Binciken Ƙasa ta CSIR da ke Kwadaso, nan cikin Kumasi, ka nemi pH da fosfaras da maiƙon ƙasa. In sakamakonsu ya saɓa da na SoilGrids, nasu za ka bi, ka koma mataki na 6 ka gyara makin.

Kada ka bar ƙauyen ba ka zauna da tsohon manomi da makiyayin da ya daɗe a wurin ba. Tambaye su wane wata rafi ke ƙafewa yanzu, wane wata yake ƙafewa suna samari, ta wace kusurwa wuta ke shigowa, har ina ruwa ke kaiwa a shekarar ambaliya. Ka sa amsoshin a taswira da alama ta daban.

Mataki na 10: gwada kaɗan tukuna

Ciyayi 3 ko 4 da suka tsallake duk wannan, ka yi wa kowace ɗan fage mita 5 sau 5, a tudu da kwari, a farkon babbar damina bayan ƙasa ta jiƙu sosai. Iri ka nemi shawarar jami'an kiwon dabbobi na gunduma ko tashar kiwon tumaki ta Ejura, kuma ka gwada tsirarsa a jiƙaƙƙen buhu kafin ka saya da yawa: ƙwaya 100, ka ƙirga nawa suka fito. Ka share hanyar tare wuta kewaye da fagagen kafin Nuwamba ya ƙare.

Duk yanka, ka yanki murabba'in mita ɗaya, ka shanya har nauyinsa ya daina raguwa, ka auna. Kilo 1 a murabba'in mita daidai yake da tan 10 a hekta, gram 500 kuma tan 5. A ce jimillar abin da za ka iya adanawa ta kama tan 5 a hekta, to tan 19 ɗin nan na mataki na farko yana bukatar kusan hekta 4, wajen eka 10, kafin ka ƙara na asara. Awon da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshen Fabrairu, da kuma na mako 3 bayan ruwan farko: wace ce ta farfaɗo, wace ce ta bar gurbi.

A filin kawu yanzu ciyawar giwa tana kwari kaɗai, eka 6, kusa da turken shanu don taki ya riƙa gangara mata. Tudun marmara gamba ce da sitailo a tsakaninta, ana yankan gambar tun ba ta yi kara ba a shanya a tara a rumfa. Tsakiyar filin mun bar wa brizantha eka 4 muna kallonta, don a taswirar gaba tsare-tsaren sun rabu a kanta. Na sa masa robar awon ruwan sama a kan turke kusa da bukkar makiyayi, yaron yana rubuta abin da ya sauka kowace safiya a littafin makaranta. Ranar Juma'ar da ta wuce kawu ya miƙo mini littafin na bana a ƙofar masallaci, ya ce, "Ɗana, ka zuba wannan a na'urarka, ka gaya mini ko mu ƙara gambar ta gabas kafin ruwa ya zauna."